Injin da Alhaji Mani Ya Zaɓa wa Khamisu

Alhaji Mani ya sayar wa ƙanena Khamisu injin yankan katako wanda ya san ya lalace. Bai miƙa masa da hannunsa ba. Shagon wani Ikrima ya kai injin a Kano, ya sa aka shafe shi da sabon fenti, sannan ya ɗauki Khamisu a gaban motarsa har ƙofar shagon, ya nuna injin ya ce wannan za ka ɗauka. Alhaji Mani shi ne ya koya wa Khamisu kafinta. Shekara talatin da biyar ke nan Khamisu bai taɓa kama sunansa ba, Baba yake ce masa.

Ni ce Barira, yayar Khamisu, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ba zai buɗe baki ba ko za a yanka shi, don haka ni zan faɗa.

Ƙauyenmu yana gabas da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, ba ka ɗaga ƙafa ba ka taka kunyar wani ba. Gonar mahaifinmu da aka raba tsakanin maza biyar, abin da ya faɗo wa kowa bai fi ya ci wata huɗu ba. Mahaifinmu ya hango haka tun da ransa. Khamisu yana da shekara goma sha biyu ya kama hannunsa ya kai shi Tsanyawa wurin Malam Mani kafinta, lokacin bai je Makka ba, ya ce ga shi nan na ba ka, ka mayar da shi mutum. A shekarar ni kuma na shiga sakandare. Idan na zo hutu sai in tarar da tafin hannunsa ya yi kanta kamar na dattijo.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a shagon. Ba zan ɗauki alhaki ba, Malam Mani ya koyar da shi da gaske. Ya kuma ci guminsa da gaske. Ranar da ya yaye shi ya ba shi zarto da guduma da sikwaya ta awon kusurwa, ya sa masa albarka, Khamisu ya dawo gida ya kafa rumfa a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Tun daga ranar, ba a taɓa yin kaka ba bai kai wa Baba damin gero ba. Da Sallah gidansa yake fara zuwa kafin gidan surukansa. A gabansa ba ya zama a kujera, ko da kuwa kujerar shi ya ƙera ta. Da zai auri Aina'u sai da ya je ya faɗa masa. Da zai ta da ɗaki ma haka.

Abin da aka san Khamisu da shi a ƙasarmu shi ne kusurwa. Kowane kafinta yana iya buga ƙusa. Amma inda katako biyu suke haɗuwa a karkace, kamar gefen madubi ko kan gado ko ƙofar sif, nan ake gane hannu. Na Khamisu ko reza ba ta shiga. Wasu kafintocin idan haɗinsu ya bar baki sai su kwaɓa garin katako da gam su toshe, su bi da fenti. Khamisu yana kiran wannan ƙarya, ya ce wanda ya yi haka gara ya koma sayar da rake. Shi ya sa iyayen amare daga ƙauyuka shida bakwai suke kawo masa kayan ɗaki, su jira shi ko zai yi wata uku. Makarar masallacinmu shi ya yi, bai karɓi ko sisi ba. Ba mai surutu ba ne. Idan yana awo, fensir a bayan kunne, ko sallama ka yi sai ya gama ja layi zai amsa.

Bara waccan kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo. Ya sha jiƙo, an yi masa ƙaho, an shafa abin da za a shafa. Da ta kai ba ya iya ɗaga hannu ya sa riga, Aina'u ta kira ni na tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya ce gaɓar ta cinye, idan ya ci gaba da jan zarto da hannu, nan da shekara biyu ko cokali ba zai ɗaga ba. Yana da 'ya'ya shida da gonar da na faɗa muku girmanta.

Daga nan ya sa ransa a kan injin. Zarto ne na lantarki, faifai mai haƙora a jikin wani kai da ake saukewa a kan katako. Kan yana juyawa dama da hagu, yana kuma kwantawa gefe, saboda yankan kusurwa. Sannan yana zamewa gaba da baya a kan sandunan ƙarfe biyu, don ya ratsa falanki mai faɗi. Ni duk a bakinsa na ji wannan. Wata biyar ba shi da wata hira. In na shiga gidan sai ya ɗauki karan dawa biyu yana gwada mini yadda kan ke tafiya, har Aina'u ta ce, "Yaya, ki zo ki tafi da shi, jiya da injin nan ya yi sahur."

Ba gaggawa ya yi ba. Sau biyu yana shiga bas ya je Kano, ba don ya saya ba, don ya duba kawai. Ya ce akwai mai araha wanda ba ya zamewa, amma ba zai ratsa katakon sif ba, ba shi da amfani gare shi. Akwai manya na hannu, masu faifai inci goma sha biyu, suna da kyan gani, sai dai ɗan janaretansa ba zai ja su da daɗi ba, kuma ba ka san wahalar da suka sha a hannun mai su na farko ba. Ya tsaya a kan wani matsakaici, sabo a kwali, ɗan Chana, inci goma. Idan ya saya, zai rage masa abin da zai ƙara faifai mai ƙananan haƙora, irin wanda ba ya tsaga bakin katako. Ya sayar da raguna biyu da ya yi shekara yana kiwo, da gyaɗar da ya noma gaba ɗaya.

Ya ce mini, "Yaya, ba girma ake dubawa ba, ba fenti ba. Ki jawo kan har ƙarshen sandunan ki girgiza, in ya yi rawa ki bar shi. Sannan ki yanka katako gida biyu, ki kifa ɗaya, ki haɗa bakinsu, ki ɗaga sama. In kin ga haske ta tsakani, ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa."

Har falankin gwajin ya tanada. Guntu ne, tsawon kamu ɗaya, ya goge shi tas, ya sa a jaka tare da sikwayarsa.

Sai ya je ya faɗa wa Baba, kamar yadda ya saba. Alhaji Mani ya ce madalla, amma ba zai bar shi ya shiga Kano shi kaɗai ba, mutanen birni za su cuce shi. Shi da kansa zai kai shi. Khamisu ya dawo yana murna kamar an ba shi kujerar Makka.

Abin da ya faru a shagon ban gani ba, daga baya na matse shi ya faɗa mini. Suna shiga, Khamisu ya nufi inda kwalayen sababbi suke. Alhaji ya ce, "Kai, zo nan. Wannan na yara ne, wata shida ya ƙone. Ga abin da kafinta irinka zai riƙe." Babba ne, na hannu, yana ta ƙyalli. Ikrima mai shago ya ce ai jiya jiya ya shigo, kuma don Alhaji ne, da wani ne ba zai sallama a haka ba. Kuɗin da ya faɗa ya yi daidai da duk abin da ke aljihun Khamisu, har da na faifan. Ban yi mamaki ba da na ji, tunda a mota Alhaji ya tambaye shi nawa ya riƙo.

Khamisu ya sa hannu a jaka.

Alhaji ya ce, "Me kake lalube?"

"Wani ɗan katako ne, Baba."

"Au, gwadawa za ka yi? To gwada mana. Ikrima, ta da masa janareta. Ɗana yana so ya gwada abin da na zaɓar masa."

Khamisu ya zare hannunsa ba komai a ciki. Ya ce, "A'a Baba, ai ka gama magana."

Wanda ba a nan ya tashi ba zai ce wauta ce. Mu mun san ba haka ba ne. Mutumin da ya rene ka, ya sa maka sana'a a hannu, ya ce ga abu mai kyau a gaban baƙo, ka fito da ma'auni ka auna maganarsa? Daidai yake da ka ce masa maƙaryaci a tsakiyar kasuwa. Khamisu ba zai iya ba, kuma duk duniya ba wanda ya fi Alhaji Mani sanin ba zai iya ba. Aka ce an sallama, aka yi musabaha, aka ɗora injin a bayan mota. Falankin ya dawo gida lafiyarsa ƙalau.

Aikin farko da injin ya tarar shi ne kayan ɗakin Ramlat, 'yar Malam Hadi limamin unguwarmu: gado, sif da madubi. Biki saura mako uku. A kwanakin na lura Khamisu ya daina zancen injin. Da na tambaya sai ya ce alhamdulillahi. Aina'u ta ce mini ba ya cin abinci sosai, kuma bayan ya yanka da injin sai ta ga ya koma yana gyaran bakin katakon da hannu, yana cije leɓe, har hannun ya ƙi ɗaguwa. Na ɗauka rashin sabo ne.

Ranar jere ina cikin matan da suka je shirya ɗakin amarya. An ɗauko kayan a amalanke, hanyar kuwa duk kwazazzabo ce. Muna cikin kafa gado sai gwaggon ango, wata doguwa mai bakin tsiya, ta tsaya a gaban madubi ta ƙura masa ido.

"Wa ya yi wannan?"

Aka ce Khamisu.

"Khamisun da ake faɗa?"

Ta sunkuya ta zari tsinke a tsintsiya, ta zura a kusurwar madubin ta sama. Tsinken ya shige ya leƙo ta baya. Garin katako da gam ya zubo a kan sabuwar leda. Duk kusurwa huɗun haka suke, girgizar amalanke ta zubar da abin da aka toshe su da shi.

Ta ce, "Ai dabara ce. Ya yi wa amarya wurin ajiye allura."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Wata ta ce a duba gadon kar ango ya kwana a ƙasa. Sai matar Malam Hadi, don ta kashe maganar, ta ce, "Ku bar bawan Allah, ido ne. Shi da bakinsa ya faɗa wa Malam idonsa ya fara hazo, ba ya ganin layi."

Ina tsaye da matashin kai a hannu. Dangin ango ba su san ni ce yayarsa ba, matar liman kuwa da ta sani ta kasa kallona. Na ajiye matashin na fita.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama ƙauyuka: Khamisu ya makance. Mutum biyu suka zo suka kwashe katakonsu. Bencinan Islamiyya da aka riga aka yi masa alkawari, kwamiti ya ce kar a ɗora wa mara lafiya nauyi, aka kai Tsanyawa, shagon Alhaji Mani.

Ni ban yarda da zancen idon ba. Da hantsi na same shi a rumfa yana zaune, injin a rufe da buhu. Na zauna a kan benci muka gaisa. Na ciro allura da zare a bakin zanena, irin siririyar nan ta ɗinkin hula, na ce, "Khamisu, sa mini zaren nan, na kasa."

Ya karɓa, ya lashi bakin zaren, ya zura sau ɗaya, ya miƙo mini. Sai da ya ga ban karɓa ba ya gane abin da ya yi.

Na ce, "Makaho, sannu da aiki."

"Yaya, don Allah."

"Ba don Allah ba. Ka yi wa liman ƙarya, ka yi wa madubi ƙarya, ni ba za ka yi mini ba. Me ya sami injin nan?"

Ya ajiye allurar a kan benci. Sai ya tashi ya yaye buhun, ya jawo kan injin har ƙarshen sandunan, ya taɓa shi da ɗan yatsa ɗaya. Kan ya yi rawa. Ya ce sandunan a lanƙwashe suke, idan ya saita farkon yanka ƙarshe ya kauce, idan ya saita ƙarshe farko ya kauce, ba saitin da bai yi ba. Sannan da hannun hagu ya kwantar da injin, ya nuna mini ƙarƙashinsa. Akwai tabon walda, tsawon ɗan yatsa, an bi shi da fenti.

Ya ce, "Ni na kai aka yi waldar nan."

Shekara uku da suka wuce Alhaji ya samu aikin rufi a Dawakin Tofa, ya kira Khamisu ya taya shi. Wajen sauke kaya injin ya suɓuce daga bayan akori-kura ya faɗi a kan dutse. Khamisu ne ya ɗaga shi, shi ya goya shi a babur ya kai wa mai walda. A ranar Alhaji ya gwada ya ce injin ya tashi daga aiki, sai dai yankan itacen rufi. A shagon Ikrima an sake launinsa, an canja masa marfi, Khamisu bai gane shi ba. Ranar da ya kawo shi gida ya kifa shi zai ɗaure a kan tebur, a ranar ya gane.

Na ce, "Tun ranar farko ka sani?"

Ya ce eh.

"Shi ne ka zaɓi ka ce ka makance?"

"To me zan ce, Yaya? In ce Baba ya cuce ni? Wa zan kalla in faɗa wa haka?"

Sai ya ce wai wataƙila Baba ya manta injin ne, ko Ikrima ne ya ruɗe shi. Mutum mai shekara arba'in da bakwai, da furfura a gemu, yana nema wa wanda ya yanka shi uzuri. Na ji kamar in mare shi, na ji kamar in goya shi.

Ranar kasuwar Tsanyawa na sa mayafi na hau babur. Na sami Alhaji Mani a ƙofar shagonsa a kan kujera, a ciki sabon inji yana ta kuka, ana yankan bencinan Islamiyyarmu. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali. Sannan na ce, "Baba Alhaji, injin da ka zaɓa wa Khamisu naka ne, wanda ya faɗi a Dawakin Tofa."

Bai ko motsa ba. Ya ce, "Khamisu ne ya aiko ki?"

"Bai san na zo ba."

"To kin gani. Barira, wannan magana ta masu sana'a ce. Kayan hannu kowa ya san sa'a ne. Ni na hana shi gwadawa? Da bakina na ce ya gwada, Ikrima shaida ne. Shi ya ce a'a."

"Ka san ba zai gwada a gabanka ba."

"In yana da ƙorafi ya zo ya faɗa mini da kansa. Ƙofata a buɗe take."

Ya faɗi haka yana murmushi, don ya san ranar ba za ta zo ba. Da zan tashi har ya ce in gaida ɗansa, ya ji labarin idon, Allah ya sawwaƙe, akwai wani mai magani a Ungogo da zai haɗa shi da shi.

Wannan kalmar ce ta sa na zauna na rubuta. Da ya yi shiru, da wataƙila na haɗiye, kamar yadda ƙanena ya haɗiye. Amma ya san idon Khamisu lafiya lau, ya fi kowa sani, kuma yana taya mutane jajantawa yana karɓar aikinsa.

Kaka ta zo. Shekaranjiya na ga Khamisu ya ware damin gero mafi kyau ya jingine a zaure. Ban tambaye shi na wane ne ba. Ya koma jan zarto da hannu, ɗan abin da ake kawo masa, kujerar tsugunno da gyaran ƙyaure. In ya ja sau goma sai ya tsaya ya riƙe kafaɗa. Falankin gwajin na ɗauke shi, yana ɗakina.

Alhaji Mani, kai nake wa magana, da kai Ikrima da ka ba da shagonka aka yi wannan aiki. Ku zo ku ɗauki injinku, ku kawo wa Khamisu wanda ya je saya, sabo a kwalinsa, da faifan da kuka cinye kuɗinsa. Wannan shi ne ƙaramin. Babban kuwa, Alhaji, ranar Juma'a ka zo masallacinmu. In an sallame, ka miƙe a gaban Malam Hadi da kwamitin Islamiyya da duk wanda ya kwashe katakonsa, ka ce idon Khamisu ƙalau yake, hannunsa ƙalau yake, injin ne ya karkace, kuma naka ne. In kana ganin ƙarya nake yi, zan sa a fito da injin ƙofar masallaci, in kawo falankin, a ta da janareta. Kai za ka yanka da hannunka, ka kifa ɗaya, ka haɗa bakinsu, ka ɗaga sama kowa ya gani.